Guzurin Inna

Muna sauka a filin jirgin Garwa na dubi Inna a gefena, ƙullin kilishinta ko kwancewa ba ta yi ba.

Tun da na fara koyar da tuƙin jirgi, ba na tashi sai na biya ta ba ni guzuri. Yau ta fara shiga ƙaramin jirgin da na gyara da hannuna, muka zaga Binuwai muka dawo.

Na ce, "Inna, kin ga tafiyar ba ta kai a yi mata guzuri ba."

Ta ce, "Na daɗe da sani. Ba don kilishin ba, za ka biyo in yi maka addu'a?"

Allah ya bar mini ita. Ku fa, wa ke haɗa muku guzuri?