Mushen Karen Tsohuwar Da Ta Sauke Ni

A shekarun nan na hamsin, kafin a ba mu mulkin kai, ni saurayi ne a Tudun Wadan Zariya, ina jera baƙaƙe a wata maɗaba'a. Bokona elementare ne, shi ma ba mu rabu lafiya ba. Amma da yake ina iya ce wa Bature gudumoni muryata ba ta rawa, sai manya suka ga na isa a tura ni Ingila wata tara in koyo aikin sabon inji. Masu digiri na yanzu ku yi haƙuri, mun riga ku shiga jirgi.

Gida huɗu na ƙwanƙwasa a can neman ɗakin haya, kowa ya dubi fuskata sai ya tuna an riga an kama ɗakin. Na biyar wata tsohuwa ce, mijinta ya rasu, daga ita sai wani tsohon kare mai ɗingishi. Ita ta sauke ni. Da ta ji ba na cin alade, ta sayo sabuwar tukunya ta ɗaura mata jan zare a hannu don kada ta rikice. Ta koya mini cin abinci da cokali mai yatsu, ni kuma na ɗanɗana mata yajin da innata ta ƙulla mini, ta yini tana tari. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, karen nan. Yana da kujerarsa, yana da bargonsa, sunansa ma na mutum. Ni kuwa jikan malamai, in ya shinshina wandona sai wanki.

Wata safiya ta tafi asibiti a duba mata gwiwa, na sauko na tarar da karen ya mutu a gaban murhu. Na yi tunani irin na namijin gida. A Tudun Wada in kare ya mutu igiya ake ɗaura masa a ƙafa a ja shi bayan gari, ba a barin dattijuwa da mushe. Ga motar shara a bakin layi. Na naɗe shi da bargon, na cusa a buhu, na miƙa wa masu motar, na wanke wurin tas, na tafi makaranta ina lissafin lada.

Da yamma ta tambaye ni, na ba ta labari da alfahari, har na ƙara da cewa yanzu gida zai huta da wari. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaya ko har da bargon, na ce har da shi, sai ta nemi kujera ta zauna. Washegari maƙwabciyarta ta tare ni a ƙofa ta warware mini. Karen na tilon ɗan tsohuwar ne, wanda ya tafi yaƙi bai dawo ba, ko gawarsa ba a kawo ba. Bargon na kan gadon ɗan ne. Ta daɗe da zaɓar wurin da za ta binne karen a bayan gida. Wato sau biyu ke nan ana barin ta ba abin binnewa, na biyun ni na yi.

Na zauna jiran kora, ga sanyi, ga gidaje huɗun nan da na sani. Ba ta kore ni ba. Tukunya mai jan zare ta ci gaba da hawa wuta, hira ce kawai ta mutu. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Kwango da muke tare ya ce in je in yi mata ta'aziyya in ba ta haƙuri. Na ce masa in aka ji a Zariya na yi ta'aziyyar kare, da wane ido zan dubi mutane. Haka muka yi wata uku. Ranar tafiyata ta miƙo mini safa da ta saƙa da hannunta, na ce tankiyu, na fita. Ko wasiƙa ban taɓa aika mata ba.

Injin da na koyo an daɗe da sayar da shi wa 'yan gwangwan. Abin da ya rage mini shi ne wannan: ban yi laifi da na ƙi kare ba, na yi laifi da ban tambaya ba, na kuma ƙara da girman kai. Ku 'yan makaranta da ke ƙasar mutane, kafin ku share abin da kuke gani shara ne, ku tambayi mai gida mene ne shi a wurinsa. In kuma kun riga kun yi ɓarnar, ku ba da haƙuri tun mai karɓa yana raye. Mutanen Zariya da na ji kunyarsu, har yau ba wanda ya taɓa tambaya ta labarin karen.