Igiyar Gaji

Ran Juma'ar da ta wuce yarana suka kalli wani fim a tele. Rami ne ya rufta da masu haƙar ma'adinai a wata ƙasa mai nisa. Aka kawo injuna, aka huda dutse, aka zura musu ruwa da abinci, daga ƙarshe aka jawo su ɗaya bayan ɗaya. Yara suka yi ta tafi. Ni kuwa na ɗauki buta na fita tsakar gida, don Kaka Falmata ce ta faɗo mini a rai.

Ita ta haifi babanmu. A gidanmu na Gure komai da lokacinsa. Da farko a ɗaure awaki, sannan a ci tuwo, sannan a yi lisha. Sai bayan haka take hura wuta a bakin ɗakinta mu kewaye ta, ni da ƙanena Ari da 'ya'yan baffanmu. Wanda bai wanke hannu ba, ba ya zama. Takan ce, "Ga wata tafe, ku buɗe kunne." Mu ce, "Ta iso lafiya, Kaka."

Yawancin labaranta na dariya ne. Amma akwai na Gaji, wani saurayi mai haƙar rijiya a cikin kwari. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe kanta, shi ya sa mai shiga rijiya yake ɗaura igiya a ƙugu. Wata rana bangon rijiya ya rufta da Gaji. A ka'idar mutanen da, muddin igiya na motsi, ba mai barin tono. In ta tsaya, sai liman ya kira sunan mutumin. In bai amsa ba, a yi masa salla, a rufe rijiyar, ta zama kabarinsa.

Uwar Gaji ce ta riƙe igiyar. Da farko tana motsi, maza suna tono, rairayi na komawa. Daga baya ta tsaya cak. Uwar kaɗai ta ji haka a tafin hannunta. Sai ta riƙa kaɗa igiyar da yatsa a ƙarƙashin mayafi, tana cewa, "Ga shi nan, yana ja!" Maza suka ci gaba. Can sai bango ya sake zubowa, ya binne ɗan maƙwabciyarta har wuya. Da ƙyar aka zaro shi. Uwar Gaji ta dubi maƙwabciyar tana birgima a ƙasa, sai ta ajiye igiyar, ta ce, "Malam, kira sunansa."

Nan Kaka take tsayawa, ta gyara itacen wuta.

Ari ya ce, "Kaka, sai ya amsa?"

Ta ce, "A'a, maigidana. Bai amsa ba."

Ni na ce, "Wallahi muguwa ce. Wa ke sakin ɗansa?"

Ta harare ni. "Ji baƙin miji! Ko gemu ba ka da shi, har ka iya yanke wa uwa hukunci? Tashi ka kwanta."

Kaka ta rasu, muka girma. Da aka fara zancen zinariya a arewa, Ari ya bi samarin unguwa. Na hana shi, bai hanu ba. Wata rana da hantsi abokinsa Bukar ya kira ni a salula, ya ce ramin da suke haƙar zinariya ya rufta, Ari na ciki. A can babu inji, sai shebur da bokiti. Da farko suna jin yana buga bututun iska, daga baya shiru.

Da Bukar ya sake kira, muryarsa ta dushe. Ya ce, "Yaya, bangon na tsagewa, ɗazu ya kusa danne mutane. Kai ne babba. In ka ce mu ci gaba, za mu ci gaba."

Na tambaye shi yaushe suka ji bugun ƙarshe. Ya faɗa mini. Na tambaye shi su wa ke cikin ramin suna tono. Ya lissafa su. Duk na san iyayensu, wasu ma tare muke sahu a masallaci. Bakina yana so ya ce ku ƙara ko da kaɗan ne. Na ce, "Ku fito da 'ya'yan mutane. Ku kira sunansa, ku yi masa salla."

A ranar na gane cewa na zalunci uwar Gaji. Ina yaro na ɗauka riƙe igiyar ne kawai ƙauna. Ban san nauyin ajiye ta ba, ban kuma san cewa wanda ya ajiye ba ya daina tambayar kansa ko da sauran numfashi a ƙasa.

Na shiga ɗakin Inna na gaya mata abin da na ce. Abin da ta roƙa kawai shi ne a jera duwatsu a wurin, kada wani ya zo neman zinariya ya haƙa a kan ɗanta.