Ƙirgar Dangin Ummaru

Shekara bakwai ke nan, a irin wannan lokaci na cirar albasa, da muka rufe Ummaru a Goronyo. Taubashina ne, ɗan kawuna, kuma duk wanda ya san taubasai ya san ba ma gaisawa sai mun tsokani juna. Ni ina Wurno, shi yana can kusa da madatsar ruwa yana noman rani, amma da wuya kasuwa ta ci ba mu haɗu ba. Har yau in na ji an kece da dariya a rumfar 'yan albasa sai na waiwaya.

Ummaru ba ya barin komai ya wuce bai mai da shi abin dariya ba, har jikinsa. Wata ranar kasuwa ya ɗaga riga a gabanmu, ya nuna wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin kan nononsa na hagu, bai fi ƙwayar gujiya ba. Ya ce, "Ku taya ni murna, na hwara ƙirgar dangi da hurhura ga kai. Mai so na shi aiko da magabatanai." Muka yi dariya har da hawaye. Wani ya taɓa wurin ya ce tauri kamar tsakuwa. Aka tambaye shi ko yana ciwo, ya ce ko kaɗan. A nan magana ta ƙare, domin a wurinmu abin da ba ya zafi, bai kuma hana mutum riƙe fartanya ba, ba ciwo ba ne.

Damina ta zo ta wuce. Kan nonon ya fara shigewa ciki, Ummaru ya ce amarya ce, kunya take ji. Fatar wurin ta yi kauri, ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo. Matarsa ta riƙa ganin ɗigon jini a singiletinsa in ta zo wanki, ya ce mata karan gero ne ya karce shi. Da kaluluwa ta fito masa a hammata sai ya je wurin wanzami. Ina lissafa waɗannan abubuwa yanzu ina jin takaici, domin babu ɗaya da ya ɓoye mana. A fili ciwon ya yi ta sallama, mu kuwa muna amsa masa da raha. Da a jikin mace muka ji labarinsu, wataƙila da wani cikinmu ya ce a je asibiti. Amma wa ya taɓa gaya mana namiji ma yana da abin da sankarar mama za ta kama?

Sai da wurin ya fashe ya zama gyambon da ya ƙi warkewa, sannan ni da yayansa Malam Bello muka kai shi babban asibiti a Sakkwato. Likita ya ce sankarar mama ce, tana kama maza ko da yake ba kamar mata ba, kuma ta riga ta bazu. A hanyar dawowa Ummaru bai ce uffan ba. Tun muna yara ban taɓa jin shirunsa ba sai ranar, kuma shirun ya fi maganar likita tsorata ni.

Kafin mu sauka daga mota Malam Bello ya yanke hukunci. Ya ce, "Ba za a ce ƙanena ya mutu da ciwon mata ba. Wanda duk yat tambaya, ciwon ƙirji na." Haka aka gaya wa 'yan dubiya, haka aka gaya wa 'yan ta'aziyya bayan 'yan watanni, haka aka gaya wa 'ya'yansa mata uku. A lokacin duk mun ɗauke shi sutura ce ga mamaci.

Nakan tambayi kaina me Ummaru zai ce da ya ga yau. Da ya ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, na san zai ce rana ma an sama mata aikin yi bayan ƙona mu. Da ya ga yadda ba a bin hanyar Rabah da Gandi in la'asar ta yi sanyi saboda mutanen daji, ban sani ba ko zai sami abin dariya a ciki. Abin da na fi so ya ji shi ne wata likita da na saurara a rediyo kwanakin baya. Ta lissafa alamomin ɗaya bayan ɗaya kamar ta san shi: ƙullutu mai tauri ko da ba ya ciwo, kan nono ya shige, jini ko ruwa ya riƙa fita, fatar wurin ta sauya, kaluluwa a hammata. Sai ta ƙara da abin da ya hana ni sukuni. Ta ce wani lokaci ciwon yana bin jini, kuma gidan da namiji ya yi shi, 'ya'yansa da 'yan'uwansa su ne ya kamata su fi kowa sa ido.

Washegari na tafi Goronyo wurin Malam Bello, na nemi ya bari a gaya wa 'ya'yan Ummaru gaskiyar ciwon. Ya tsufa yanzu, amma taurin kan yana nan. Ya ce, "Sani, asirin mamaci kaka son tonawa?" Na ce masa mamaci ya gama da duniya, ɗiyansa ba su gama ba. Ya ja tasbaharsa, ya ce, "Tahi, amma ba da bakina ba."

Babbar ɗiyar Ummaru, Luba, tana aure a Rabah. Wannan ba maganar da uba zai yi da ɗiya ba ce, don haka na tafi da matata, ta shiga ciki ni na zauna a zaure. Da matata ta fito, fuskarta kawai na duba na san akwai magana. Luba ta biyo ta, ta durƙusa, ta ce, "Baba, nau ma ba shi ciwo. Tun da niy yaye yaro shina nan, na aza nono na yad daskare. Mi yas sa ba ku hwaɗa muna ba?"

In aka tambaye ni abin da ya saura na Ummaru, zan ce fadamarsa tana nan, barkwancinsa yana bakin mutane, har waɗanda ba su san shi ba suna maimaitawa. Amma ya bar jininsa ma, kuma jini ba ruwansa da abin da muka ga dama muka kira ciwon. Ban ga laifin Malam Bello shi kaɗai ba, ƙauna ce ta sa shi. Sai dai suturar da muka yi wa wanda ke kwance ta rufe idon waɗanda ke tsaye. Shi ya sa nake rubuta shi a nan ba ƙumbiya-ƙumbiya: sankarar mama ce ajalin Ummaru. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Makon jiya muka kai Luba Sakkwato, mijinta da matata da ni. Ƙannenta biyu ma an duba su, ba a ga komai ba. Ita kuwa likita ya ce nata bai kai na mahaifinta ba, da sauran abin yi, amma aikin zai fi wanda za a yi da ta zo da wuri. Ya tambaye ta me ya hana ta zuwa tun bara. Luba ta juyo, ni ta kalla.