Sakatar Yaya

Duk wanda ya ce ciwon kai ba ciwo ba ne, a turo mini shi in zaunar da shi in ba shi labarin Yaya. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ce babba ni ce auta, kuma tun ina ƙarama nake ganinta da ɗankwali ɗaure tamau a goshi. Ciwon ɓarin kai ne. Ta bayan idon hagu yake fara mata, daga nan ba ta son haske, ƙamshi ya riƙa tayar mata da zuciya, ko cokali ne ya faɗi a tsakar gida sai ta ji kamar a cikin kanta ya faɗi. Da shi ta yi aure, da shi ta yi goyo, da shi mijinta ya rasu ya bar ta. Duk da haka ba ta taɓa ajiye keken ɗinkinta ba. Rabin yaran unguwarmu kayan makarantar da ta ɗinka suke sawa, shi ya sa ake ce mata Mai Keke.

Asibiti kam ta je har ta gaji. An ɗauki hoton kan, an duba ido, an auna jini. Likita ya ce babu mugun abu a ciki, amma ciwon ba mai tafiya ba ne, sai dai a koyi zama da shi. Ya rubuta mata ƙwayar da za ta sha da zarar ta ji alamarsa. Yaya ta dawo gida ta ce, "To, tun da zama ya zo yi, bismillah. Amma ɗakin nawa ne, ba shi zai kafa mini doka ba."

Tana da wani kwando a ƙarƙashin gado, kuma ko ni ban isa in taɓa shi ba. A ciki akwai baƙin ɗankwalin nan da ya sha wanki har ya koma toka-toka. Akwai tsohuwar safar mijinta da ta cika da gishiri ta ɗinke bakin. Sai ta ɗumama ta a busasshen kasko ta ɗora a ƙeya. Akwai ƙwallon roba da ta ƙwace a hannun jikokinta ranar da suka fasa mata madubi, shi take tokarawa tsakanin kafaɗarta da bango ta yi ta murzawa idan ɗinki ya ƙage mata wuya. Ga auduga ta toshe kunne. Ga kuma tabarau, wani ƙato baƙi wuluk da mai walda ya ba ta. In ta saka shi ta fito siyan zare, yara har leƙe suke yi. Na ce mata, "Yaya, wallahi kamar za ki je fashi." Ta ce, "Gara in yi kama da ɗan fashi da in yi amai a titi." Kwalbar ruwan sanyi kuwa kullum tana cikin firjina, naɗe a tawul, tana jiranta.

Amma a tambaye ta abin da ta fi so cikin kayan nan, ba a kwandon yake ba. Sakatar ƙofarta ce.

Ga dalili. Mu mutane ne masu zumunci, Allah ya sani, amma zumuncinmu da baki yake zuwa. Da an ji Mai Keke ta kwanta, sai gida ya cika. Wannan ta shigo da turarenta mai hawa kai, wannan da jaririnta mai tsala ihu. A yaye labule wai ɗakin ya yi duhu, a kunna fitila wai a ga fuskarta. "Sannu Mai Keke. Ya jikin? Kan ne dai? Sannu. Kin sha magani? Ai da kin gwada kaza." Kowace sannu sai ta amsa, in ba ta amsa ba a ce jikin ya yi tsanani, a ƙara kiran wasu. Ciwon da zai sake ta da la'asar sai ya kai ta washegari.

Ran nan dai ta ƙoshi. Ina zaune, mata sun cika ɗakin har bakin ƙofa, sai ta miƙe dafe da bango, ido ɗaya a rufe, ta ce, "Na gode, Allah ya bar zumunci. Ku fita." Wata dattijuwa ta ce, "Mu kike kora?" Yaya ta ce, "Ku ɗin fa." Da ta warke ta tafi kasuwa ta sayo sakata, ta ɗaura abarta da kanta da tsinin almakashi. Ta rataya tsohon bargo a taga.

Me za a fasa faɗa? An ce girman kai ne. An ce ciwon ƙarya ne, hutu take so. Wasu suka kwashe ɗinkinsu suka kai wani wuri, Yaya ko a jikinta. Ni ce mai zuciya, ni na yi ta faɗa da mutane a bakin famfo saboda ita. Ɗakina yana manne da nata, sai muka yi yarjejeniya: in ta kulle, nakan ɗan ƙwanƙwasa bango a hankali, ita kuma ta amsa da gindin cokali. In na ji cokali, na san tana nan da ranta, sai in kama gabana.

Babban ɗanta, wanda muke kira Manaja saboda shi ke kula da wani babban kanti, bai taɓa son sakatar nan ba. Yaro ne mai son uwarsa, ban ɗauke masa wannan ba, amma irin mutanen nan ne da suke ganin duk abin da ba su tsara ba bai tsaru ba. Wata rana na tafi kasuwa, ya zo ya tarar da ƙofa a kulle. Ya buga, shiru. Yaya ta sha ƙwaya, ta toshe kunne, barci ya ɗauke ta. Ya yi ta dukan ƙofa yana kiran "Umma! Umma!" har maƙwabta suka taru. Da ta buɗe, idonsa ya yi jawur. Ya zaci gawa zai tarar.

Daga ranar ya kafe. Ya tara ƙannensa a ɗakina suka yanke hukunci: ko a cire sakata, ko Umma ta koma gidansa da zama.

Gidan Manaja! Talabijin tun safe har dare, injin wuta a bayan taga, yara kamar an buɗe makaranta, matarsa kuma ko banɗaki sai ta fesa masa turare. Da suka je mata da maganar, Yaya ta saurare su har suka gama, tana cire zare daga bakin wata riga.

"Umma, idan wani abu ya same ki a ciki fa?" in ji shi.

"In ya same ni, innarka za ta ji cokali bai amsa ba."

"Ranar ai ba ta nan!"

"To ka sayo mata waya mai kyau, ka riƙa tambayarta kafin ka zo ka tara mini jama'a."

"Umma, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Na ba ku nonona, na ba ku ƙuruciyata, na ba ku idona a kan keken nan. Duhun ɗakina ne kawai na riƙe wa kaina, shi ma sai kun karɓa? Ba inda za ni, kuma ba mai taɓa mini ƙofa."

Ya juyo gare ni. "Inna, ki sa baki mana." Na ce, "In na sa baki ba za ka ji daɗi ba, gara ka bar ni." Ya tashi yana cewa zai zo da kafinta, ran Umma ya ɓaci na kwana biyu ya fi a rasa ta.

A cikin 'ya'yan Manaja akwai babbar 'yarsa, budurwa 'yar sakandare, wadda Yaya ke kira Ƙawata. A gidansu sunanta raguwa. An ce da an ambaci wanke-wanke ko jarrabawa sai ta ce kanta na ciwo, sai uwar ta ce sangarta ce, uban ya ce yawan kallon waya ne. Yarinyar ta koyi yin shiru. Sai ta tsiri biyowa ta wurin kakarta bayan an tashi makaranta, wai koyon ɗinki. Ni da nake bango ɗaya da su, sau da yawa ba na jin ƙarar keke. Ƙarar sakata nake ji.

Ranar da Manaja ya cika alkawarinsa, da azahar ne, rana tana dukan tsakar gida. Kafin zuwansa da kaɗan na ga Ƙawata ta shigo, ta kare fuska da jakar makaranta, tana tafiya kamar mai tsoron taka ƙasa. Ko gaishe ni ba ta iya yi ba. Yaya ta leƙo ta ce, "Auta, kwalbar." Na miƙa mata, ta ja ƙofa, na ji sakata ta shiga.

Sai ga shi da kafinta, wani dattijo mai jakar kayan aiki. Ya ga ƙofa a kulle, ransa ya ƙara ɓaci. Na tare shi na ce, "Kai, kada ka buga ƙofar nan." Ina! Ya ɗaga hannu ya shiga duka. "Umma, ki buɗe! Yau dai sai an cire abin nan!"

Sakata ta zame. Yaya ta fito, ba ɗankwali a goshi, ba tabarau, idonta garau. Ta ja ƙofar ta rufe a bayanta, ta tsaya a gabanta. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba, amma da raɗa ta yi magana.

"Rage murya."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Au, lafiyarki ƙalau ma? To me kike kullewa?"

"'Yarka ce a ciki."

Ya juya ya kalli ƙofar.

"Ta yi amai a hanya. Yanzu na samu ta lafa, ka zo kana dukan ƙofa a kanta. Tun bara take zuwa nan. Irin nawa ne, ta bayan ido yake kama ta. Ta gaya muku, kun ce raguwa ce. Ni ma haka aka ce mini, har na tsufa ana ce mini. To ni na shanye nawa, amma wallahi ba za a ce wa wannan ba ina raye."

"Umma, ban sani ba…"

"Ina za ka sani? Gidanka akwai inda mutum zai yi shiru har a lura da shi?"

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba, don fuskarsa ta koma ta yaron da na goya. Amma daɗin da na ji ya fi tausayin yawa. Kafinta dai ya sunkuyar da kai yana gyara hannun jakarsa.

Manaja ya ce, shi ma da raɗa yanzu, "Zan iya ganinta?"

Yaya ta kalli ƙafarsa. Ya cire takalmi. Ta kalli aljihunsa. Ya ciro waya ya kashe. Ta matso ta shinshina rigarsa, ta yamutsa fuska ta ce, "Wannan turaren ba zai shigar mini ɗaki ba." Babban mutum, manajan kanti guda, ya tuɓe riga a tsakar gida ya miƙo mini, ya rage daga shi sai singileti. Ta ɗan buɗe ƙofar daidai yadda zai wuce. Ta gefenta na hango yarinyar kwance a gadon kakarta, baƙin ɗankwalin nan ɗaure a goshinta, safar gishiri a ƙeya.

"Ka zauna a ƙasa," in ji Yaya. "Idan tawul ɗin kwalbar ya yi ɗumi ka juya shi. Kada ka ce mata sannu. Gobe kuma ka kai ta wurin likita, ba sai na maimaita ba."

Ya shiga a kan yatsun ƙafa. Ta ja masa ƙofar.

Kafinta ya yi gyaran murya a hankali ya ce, "Hajiya, to ni in tafi ke nan?"

Yaya ta ce, "A'a, malam, ba za ka yi zuwan banza ba. Kana da sabuwar sakata a jakar nan?"

Ya ce akwai.

"Auta za ta raka ka gidansa. Ɗakin yarinyar yana ƙarshen baranda. Ka ɗaura ta daga ciki, daidai inda hannunta zai kai."

Na miƙa wa Yaya rigar, na ɗauki mayafina. Muna bakin ƙofar gida na ji ƙarar sakatar Yaya ta shiga a hankali. Ita kuwa tana tsaye a tsakar gida tana naɗe rigar ɗanta. Shi ne ya kulle.