Miyar Barkonon Meziko da Na Kai Dubiya

Furfura ta riga ta fara fito min a gemu lokacin da na zo Amurka, kuma ban iya karatun boko ba. A Zangon Kumasi na yi makarantar allo, na yi dako, na yi tuƙi, amma ban taɓa zama a aji ba sai a Greenbelt, a ajin manya da ake yi ranar Asabar. Sauran kwanakin ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, can Bowie.

A ajin, kujerata tana kusa da ta wani dattijo ɗan Meziko mai aikin rufin gidaje. Matarsa ta rasu, yana zaune da 'yarsa. Mu biyu ne muka fi kowa jinkiri. In malama ta ce a karanta layi, sai ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Kai ka fara, amigo, kai ne yaro." Amigo aboki ke nan a yarensu. Turancinsa a karye yake, nawa ma haka, amma muna gane juna.

Ranar rufe zangon karatu kowa ya kawo abincin garinsu. Na kawo shinkafa da wake da shito, barkonon nan namu na Gana da ake soyawa a mai har ya yi baƙi. Shi kuma ya kawo tukunyar miyar nama, ja mai duhu, ƙamshinta ya cika ɗakin. Na tambaye shi man da ya sa, ya ce kitsen alade. Na ce na gode, yau da hanci zan ci. Bai ji haushi ba. Tsayawa ya yi ya bayyana min yadda marigayiya take dafa ta, rabi da baki rabi da hannu: busasshen barkono iri biyu, tafarnuwa, albasa, kanumfari, da wani ƙamshi da suke kira komino.

Da aka dawo hutu bai zo ba. Na kira wayarsa, 'yarsa ta ɗauka. Ta ce ya faɗo daga tsani ya karye a ƙugu, an yi masa aiki an sallame shi.

"Amma ba ya cin abinci," in ji ta. "Ba ya yarda ya taka ƙasa. Matar da ke zuwa koya masa tafiya, in ta shigo sai ya juya wa bango fuska."

Wannan na san shi a wurin aiki. Tsoho in ya ƙi abinci ya ƙi takawa, ƙafa takan manta ƙasa, daga nan sai gado ya riƙe shi. Na ga an tashi, na ga ba a tashi ba.

A wurinmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Matata ta ce in kai masa farfesu. Na ce a'a, miyar gidansu zan dafa masa.

"Malam, miyar da ba ka taɓa sa wa a baki ba?"

"Na ga launinta, na ji ƙamshinta. Ya isa."

Naman kafaɗar sa na saya wurin mahaucin halal, na roƙe shi ɗan kitse. Barkonon kuwa sai a kantin mutanensu. Na tsaya gaban ledoji ina bin haruffa da yatsa har na haɗa sunayen da kaina, ban tambayi kowa ba. Ɗaya mai faɗi ne, baƙi-baƙi, a yamutse. Ɗayan dogo ne, ja, mai santsi.

A gida na yi abin da duk ɗan Zango zai yi. Na tuna miyar mai duhu ce, kuma ni barkono mai duhu guda ɗaya na sani, shito. Don haka na niƙa barkonon a bushe, na zuba a mai, na tsaya ina juyawa har ya yi baƙi ƙirin. Na sa nama, na sa ruwa, na rufe. Da ya dahu na miƙa wa matata cokali. Ta ɗanɗana, ta runtse ido, ta nufi famfo.

"Wannan dubiya za ka je ko ƙarasa shi? Maɗaci ka dafa!"

Na ɗanɗana, gaskiyarta. Ta tsame naman ta wanke ta ce zai yi mata dafa-duka. Ni kuwa na zauna na yago ɗan guntun barkono mai faɗin nan na tauna shi haka. Ba yaji sosai. Zaƙi-zaƙi ne da shi kamar busasshen dabino. Ashe duhun nasa ne na kansa, ba wuta ce ke ba shi ba. Sai na tuna hannun dattijon yana nuna min yadda ake gasa shi: tafin hannu, bayan hannu, ɗauke. Da sauri ya yi, ni ne na ɗauka gaggawar magana ce.

Washegari na sake sayen nama. Na tsaga barkonon na zubar da 'ya'yan. Na ɗora kasko ba mai, ina sa kowanne ya ji zafi kaɗan, da ƙamshi ya taso sai in juya in ɗauke. Na jiƙa su a ruwan zafi har suka yi laushi, na markaɗa da tafarnuwa da albasa da kayan ƙamshin, na tace a rariya. Na narka kitsen sa na soya naman har gefensa ya yi ja, na juye markaɗen a kai, na rage wuta.

Matata ta zo da magi a hannu ɗaya, attarugu a ɗaya.

"Ko ɗaya?"

"Ko rabi."

"Allah ya ba mai ci haƙuri," ta ce. Amma da naman ya fara rabuwa da cokali, na ga ta gutsuri burodi ta dangwala, ta koma ta sake.

Bayan azahar na zuba a kula na tafi. Na same shi kwance, ya rame, ƙarfen dogarawarsa yana jingine nesa da gado an rataya tawul a kai. Na gaishe shi, ya amsa bai juyo ba. 'Yarsa ta zubo miyar a kwano ta ajiye kusa da shi. Ban ce ya ci ba. Na zauna ina ba shi labarin aji, yadda malama ta rasa wanda za ta jira yanzu sai ni kaɗai.

Can sai ya juyo. Ya dubi kwanon, ya sa cokali ya kai baki.

"Wa ya dafa?"

"Ni."

"Da kitsen me?"

"Na sa."

Ya ƙara cokali. "Barkonon ya yi. Amma ta yi ruwa, amigo. Wannan ai wanka naman yake yi." Ya ce wa 'yarsa ta mayar da ita wuta ta marmasa tortiya a ciki, wato burodinsu na masara, don ta yi kauri. Ta tafi kicin. Daga gado yake ɗaga murya: ta rage wuta, kada ta zuba da yawa, ta juya daga ƙasa. Ta ce haka take yi. Ya ce ƙarya ne, yana jin ƙauri daga nan.

"Miƙo min abin can," ya ce da ni.

Na cire tawul ɗin na kawo ƙarfen. Na riƙe shi ta baya yadda nake riƙe tsofaffina, muka taka a hankali, yana nishi yana zagin tsani da yarensu. A kicin ya karɓe cokalin daga hannun 'yarsa, ya jingina da teburin girki yana juyawa har miyar ta kama jikinta. Sannan ya zauna a kujera ya ci, ya nemi ƙari.

Da na tashi tafiya ya ce Asabar mai zuwa in kawo naman ɗanye. Ya juya wurin 'yarsa.

"Gobe in matar nan mai koya min tafiya ta zo, ki shigo da ita. Dole in iya tsayuwa. Wannan mutumin in ba a tsaya a kansa ba, haka zai yi ta ɓata nama."