Gyaɗar Gwaggo a Makera

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da ƙanwata, za mu Makera dubo jikar gwaggonmu. Tun da aka yaye yarinyar nan ba ta huta ba: yau gudawa, gobe tari, jibi ƙuraje.

Ruwa ya raka mu har Kawo. Direbanmu kuwa duk ramin da ya gani sai ya shiga sun gaisa. Muka haye gadar kogin Kaduna, ruwa ya cika ya yi jawur, muka faɗa cunkoso, masu keke na zagin juna da Hausa da buroka.

Mun tarar da Gwaggo a tsakar gida tana tsince gyaɗa, don ƙuli-ƙuli take yi na sayarwa. Masu kyau a tire, waɗanda damina ta sa suka yi fumfuna a kwano. Na ɗauka na zubarwa ne. Ashe da su ake dama wa yarinya kunu!

Muka ɗauki yarinyar sai asibiti a Unguwar Boro. Likitar, wata 'yar Filato, ta tambayi abin da take ci, na faɗa mata. Ta ce fumfunar gyaɗa da masara tana barin guba, gubar kuma tana kashe ƙarfin ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, sai kowane ciwo ya sami ƙofa a buɗe. Wanki ba ya fitar da ita, wuta ma ba ta kashe ta.

Na dawo na zayyana wa Gwaggo. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ke dai da tsirfa. Ai soyawa nake yi."

"Gwaggo, an ce wuta ba ta kashe ta!"

"To in zubar da abinci, in ce wa Allah me?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na juye kwanon a kwata da hannuna, muka rabu tana ƙunƙuni.

Da muka iso gida na kwance ƙullin tsarabar da Gwaggo ta cusa mini a jaka. Gyaɗa ce tsintacciya, manya-manya, ko ɗaya babu tabo. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: mai kyau ta kasuwa ce da baƙo, ruɓaɓɓiya ta 'yar gida. Washegari na kai ƙullin tasha, na ce a mayar Makera a dama wa yarinya kunu.