Hoton ɗan dakon gar

Ban yi boko mai zurfi ba. A aji shida na tsaya, sai ɗan allon da na taɓa. Amma hannuna yana da kyau, kunnena kuma yana riƙe magana, shi ya sa na daɗe a kan benci a gar ɗin Adjamé, wato babbar tashar mota, ina rubuta wa baƙi wasiƙa zuwa gida. Da wayar hannu ta zo, kowa ya koma danna murya yana aikawa, sana'ar ta mutu a hannuna, ko ta'aziyya ba wanda ya yi min.

Ina cikin wannan zaman banza 'yar wani abokina marigayi ta neme ni. Haifaffiyar unguwar Treichville ce, Faransanci ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa sai ka tallafa mata. Tana da kyamara da shafi a intanet inda take zuba hotunan mutanen gari.

"Tonton," ta ce, wato kawu, haka take kirana, "ni ina da ido, kai kana da baki. Mu haɗa."

Haka muka yi shekara biyu. Ta ɗauki hoto, ni in koma wurin wanda ta ɗauka in zauna, mu sha shayi, in ji labarinsa, in rubuta layi goma da Hausa, ita ta juya da Faransanci a ƙasa. Ba zan ɓoye ba, aikin ya dawo min da kaina. Na koma guge riga.

Sai ta ɗauki wani dattijo ɗan dako, buhun albasa a kansa, gumi yana bin furfurar gemunsa. Hoton ya yi kyau, abin da ya ja mana ke nan. Mutumin na san shi fiye da kowa, don ni nake rubuta masa wasiƙa a da. Da hannuna na sha rubuta wa iyalinsa cewa shago yana tafiya, kasuwa sai godiya. Shagon nan babu shi. Duk Sallah yakan je wurin wani mai hoto a unguwar Belleville, ya ari babbar riga, ya tsaya gaban labule mai zanen kanti, a ɗauka ya aika gida. Da yawa haka suke yi. Mutanen gida ba wawaye ba ne, wasu suna zargi, amma abin da ido bai gani ba baki ba ya faɗa, matarsa kuma tana ɗaga kai a cikin mata.

Duk na san wannan. Amma daɗin alƙalami ya ɗebe ni, na rubuta sunan garinsu, na ƙara da cewa ɗan gidan limamai ne. Layin ya yi min daɗi a kunne, shi ke nan dalilina.

Kwana uku da fitar hoton ya same ni a benci. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye gammonsa a gefena ya ce, "Malam, kai ka gina min shagon nan, kai kuma za ka rushe shi?"

Wani direba ɗan garinsu ne ya nuna masa hoton a waya. Hoton bai kai gida ba tukuna, in ji direban, amma abin waya ba ya jiran tikitin mota.

Na hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, na sake wata motar, na ƙetare gada zuwa Treichville. Na tarar da yarinyar a tsakar gidan mahaifiyarta tana murna, wai ba hoton da mutane suka taɓa so kamar wannan, har wasu masu baje kolin hotuna sun yi mata magana.

"Ki sauke shi," na ce.

"Tonton, dako sata ne? Aiki ne mai daraja. Abin da nake nuna wa duniya ke nan."

"Ki bar duniya. Matarsa nake ji."

"Ai ya yarda na ɗauka."

"Ya yarda don ya gan ni tsaye kusa da ke."

Ta ce za ta goge sunan garin, iyakar abin da za ta iya ke nan. Na ce fuskar fa, ita ma za ki goge ta? Ta yi dariya ta ce na cika tsohon yayi. Maganarta ta daraja ba ƙarya ba ce, na sani. Amma mai faɗarta ba ta taɓa ɗora buhu a ka ba, ba ta kuma da suruki a ƙauye.

Ban iya taɓa shafin ba, ko mabuɗinsa ban sani ba. Abin da na iya shi ne zama, shekaru na yi ina koyonsa a gar. Kowace safiya sai in zo in gaida mahaifiyarta, in zauna a dakalin ƙofa har azahar. Yarinyar ta wuce ni da kyamara, in ce a dawo lafiya. Rana ta huɗu tsohuwar ta leƙo.

"Kai kuwa lafiya? Gadi aka ba ka?"

Na gaya mata komai, har laifina. Sai ta ƙwala wa 'yarta kira.

"Ke, zo nan. Ubanki da kike taƙama da shi, kafin ya sami tebur a kasuwa shekara nawa ya yi yana dako a bakin tashar jiragen ruwa? Kakarki har ta koma ga Allah ba ta sani ba. Da wani ya nuna mata hotonsa, da ba a garin nan aka haife ki ba, don kunya ba za ta bar shi ya zauna ba."

Yarinyar ba ta taɓa ji ba. Ni na sani, amma ba bakina ya kamata ya faɗa ba. A tsaye ta danna waya ta sauke hoton, ta juyo min da fuskar wayar in gani. Idonta ya yi ja.

"Ka kai ƙarata wurin mamana kamar wata ƙaramar yarinya. Mun gama, Tonton."

Ba ta sake kirana ba. Yanzu wani ɗan jami'a ke rubuta mata, kalmomi manya-manya, da gani ka san bai taɓa shan shayi da ɗan dako ba. Abin yana ci na har yau, ba zan yi ƙaryar cewa na huce ba. Sai dai da za a sake, a dakalin nan za a same ni.

Na koma gar na gaya wa dattijon. Bai yi godiya ba, ban kuma cancanta ba. Ya naɗa gammo ya ce, "Kama min." Na kama masa buhun muka ɗora.

Washegari na sayi sabon littafi. Har yanzu ina zama da mutanen gar ina rubuta labarinsu, ko da mai bugawa ko babu. Sai dai duk abin da na rubuta sai na karanta wa mai shi da babbar murya, inda ya ce a cire in soke a gabansa. Sunan gari kuwa na daina sa wa kowa.

Da Sallah ta matso dattijon ya zo ya tsaya a kaina, ya ce ya ji ina da shadda mai ruwan toka. Na ce ina da ita. Ni na raka shi Belleville, ni na gyara masa hula a gaban labulen.